Silver Cloud: yadda Rolls-Royce ta sa wa sabon zamani tsohuwar riga

A watan Afrilun 1955 kamfanin Rolls-Royce ya fito da wata mota da ya raɗa wa suna Silver Cloud, wato gajimare mai launin azurfa. Tsawonta ya haura mita 5, nauyinta ya kusa tan 2, kuɗinta kuma a Ingila ya ɗan zarce fam 5,000 idan an haɗa da haraji, a lokacin da kimanin fam 2,000 kan sayi gidan zama na madaidaicin iyali. Wata shida bayan haka, a birnin Faris, kamfanin Citroën ya nuna tasa sabuwar motar mai suna DS, sumul kamar kifi, cike da dabarun da ba a taɓa gani a motar kasuwa ba. Wanda ya jera motocin biyu zai rantse shekara 20 ce tsakaninsu, alhali sa'o'in juna ne. Duk da haka, yau idan ka ce wa mutum ya rufe ido ya hango Rolls-Royce, Silver Cloud yake hangowa, ko da bai san sunanta ba.

Ana ɗaukar wannan mota a matsayin alamar tsohuwar al'adar Ingila da ba ta canzawa. A ganina an fahimce ta a juye. Ita ce motar da ta ƙarasa rushe tsohuwar al'adar ƙera motocin masu hali, kuma ta yi hakan cikin natsuwar da ta sa mutane da yawa ba su lura an yi wani rushe-rushe ba.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, Rolls-Royce ba ta sayar da cikakkiyar mota. Abin da take sayarwa shi ne shasi da inji da giya da tayoyi da lagireto, wato ƙashin motar da zuciyarta. Mai saye zai sa a kai wannan ƙashi wurin masu gina bodi, ya zauna da su kamar yadda mutum ke zama da tela, ya faɗi yadda yake so: rufin ya yi tsayin da zai shiga da doguwar hularsa, a sa gilashi tsakaninsa da direba, kujerar baya ta yi kaza. Wanda ya san yadda ake sayo kan babbar mota a kai wa kafintoci su yi mata bodin katako ya riga ya gane tsarin, sai dai can abin ya kai matuƙa wajen ƙawa. Gidajen da suka yi suna a wannan sana'a su ne irin su Hooper, da Barker, da H. J. Mulliner, da Park Ward, da James Young, da Gurney Nutting. Wasunsu, kamar Hooper da Barker, tun zamanin keken doki suke yi wa gidan sarautar Ingila aiki. Sukan kafa firam na katako, su buga falankin alminiyam da guduma har ya ɗauki siffar da ake so, su lulluɓe firam ɗin da shi. Bodi ɗaya kan ci watanni, kuma da wuya ka ga biyu iri ɗaya sak.

Yaƙi ya zo ya canza lissafi. Masana'antar da ke Derby, inda ake ƙera motocin tun 1908, ta koma aikin injin jirgin sama. A 1938 an gina wata sabuwa a garin Crewe domin ƙera injin Merlin, wanda ya ɗauki jiragen yaƙi irin su Spitfire da Lancaster. Da aka gama yaƙi sai aka bar Derby da jiragen sama, aka mayar da aikin mota Crewe a 1946. Amma ƙasar da aka dawo a ciki ba wadda aka bari ba ce. Baitulmali ya ƙare, bashin Amurka ya yi katutu, haraji a kan manyan masu dukiya da kan gadon da suke bari ya yi nauyi ƙwarai. Gidajen da a da ke da direba da kuku da barori goma suka koma maigida ne ke tuƙa kansa. Gwamnati kuma ta riƙe ƙarfe, tana rabawa kamfanonin mota gwargwadon yadda suke sayar da kaya a ƙasashen waje, domin dala take nema ido rufe. Su kansu masu buga bodi da hannu sun ragu, ladansu kuma ya hau.

To, mai saye a Amurka ko Ostireliya ba zai sayi ƙashin mota ya jira wata shida wani a Landan ya ɗinka mata riga ba. Yana so ya biya, ya tuƙa. Wannan ne ya tilasta wa kamfanin yin abin da a da zai zama abin kunya a wurinsa: ya je wa Pressed Steel da ke Cowley, kusa da Oxford, kamfanin da ke matse bodin ƙarfe da inji ga motocin talakawa, ya ba shi kwangila. Amma dubi yadda aka bi da lamarin. Ba a fara da sunan Rolls-Royce ba. An fara da Bentley, wanda Rolls-Royce ta saye tun 1931, aka fitar da Bentley Mark VI a 1946 da bodin masana'anta, a ga yadda jama'a za su karɓa. Sai a 1949 aka yi ƙarfin halin manna lagireton Rolls-Royce a kan wannan bodi aka kira shi Silver Dawn, kuma da farko ƙasashen waje kawai ake kaiwa. Motocin sun sayu, amma ba wanda zai ce sun kai na hannu kyau, ga shi ƙarfen bayan yaƙi ba shi da inganci, tsatsa ta cinye da yawansu. Suna nan dai kamar rigar kanti da aka saya don babu lokacin zuwa wurin tela.

Mutumin da ya share wannan kunya shi ne John Blatchley. Shi kansa ɗan gidan masu bodin hannu ne, domin a Gurney Nutting ya yi suna tun yana saurayi kafin yaƙi, sannan ya shiga Rolls-Royce lokacin yaƙi yana zana murfin injin jiragen sama. Wannan haɗin ya yi masa rana: ya san abin da ke sa bodin hannu ya yi kwarjini, ya kuma san abin da injin matse ƙarfe zai iya da wanda ba zai iya ba. Labarin da ake bayarwa shi ne ya daɗe yana aiki a kan wani zane na zamani, shugabannin kamfanin suka ga ya yi sabunta da yawa, suka ce a kawo wani abu mai kama da na gida, shi kuma ya zana wani cikin 'yan mintoci, nan take suka amince. Ko a minti goma aka yi ko a wata goma, hannun da ya yi zanen ya shekara kusan 20 yana koyon wannan layi.

Layin nan shi ne duk sirrin, kuma ya kamata a tsaya a kansa. A shekarun 1950 motoci sun koma gefensu a shafe, daga fitilar gaba har ta baya bango ɗaya miƙaƙƙe. Tsofaffin motoci kuwa madugadinsu a ware yake, kowace taya da nata murfin. Blatchley bai bi ko ɗaya ba. Ya haɗe madugadin da jikin motar kamar yadda zamani ke so, amma ya bar inuwarsa. Idan ka tsaya a gefen Silver Cloud za ka ga wani layi ya taso daga saman fitilar gaba, ya gangaro a hankali ta kan ƙofofi yana sauka, sai daf da tayar baya wani ya sake tasowa ya yi tozo a kanta, sannan ya zube zuwa but. Gaban motar a tsaye yake ƙyam, tayar gaba tana can kusa da hanci, bonet dogo, jikin kuma ya ja baya ya zauna a kan tayoyin baya, wutsiyar ta miƙe tana raguwa. Shi ya sa ko a ajiye take sai ka ga kamar jirgin ruwa ne ya ɗaga ƙirji zai tashi. Ginshiƙin rufi na baya an yi shi da faɗi, don wanda ke zaune a baya ya jingina fuskarsa ta ɓuya, ya ga waje ba a gan shi sosai ba. Wancan layin na gefe kuma ya raba jikin gida biyu, abin da ya sa fenti kala biyu ke zama a kanta kamar don ita aka ƙirƙiro shi.

Ga abin da ya fi ba ni sha'awa. Mota mai tsawon mita 5 da ɗoriya da wannan tsayi ya kamata ta yi kama da akwati. Ba ta yi ba, domin kusan babu wani fili a jikinta da yake a miƙe sak. Ko'ina akwai ɗan lanƙwasa da ke karya haske. Lagireton ma haka yake. Siffarsa ta gaban tsohon ɗakin bauta na Girka da Rum ce, ginshiƙai a tsaye da ɗan tsororon rufi a sama, kuma ido na ganinsa a miƙe. Amma da za a yi shi a miƙe na gaskiya, da ido ya gan shi kamar ya lotsa ciki. Saboda haka masu haɗa shi da hannu sukan ba kowane gefe ɗan kumburi kaɗan don ya bayyana a miƙe, dabarar da maginan Girka suka yi amfani da ita a ginshiƙansu tun fiye da shekara 2,000. A samansa akwai 'yar mutum-mutumin nan ta mace mai mayafi yana kaɗawa, wadda Charles Sykes ya ƙera aka fara sawa a 1911. Harufan RR biyu kuma da jajaye ne, sai a 1933, shekarar da Henry Royce, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya rasu, suka koma baƙaƙe. Mutane sun ɗauka makoki ne, amma an yanke shawarar tun yana da rai, saboda ja ba ya dacewa da wasu launukan fenti.

Ciki ba sai an yi dogon bayani ba: fatar kamfanin Connolly, darduma ta ulu mai kauri, katakon walnut da aka yanka siriri aka jera shi gefen hagu ya zama hoton gefen dama, da ƙananan tebura masu naɗewa a bayan kujerun gaba. Abin lura dai shi ne wurin direba ya samu kulawa daidai da na baya, domin yanzu mai motar ne da kansa zai zauna a can.

A ƙarƙashin wannan riga, kusan komai tsohon yayi ne, kuma da gangan. Bodin yana zaune ne a kan shasi dabam, mai kauri, da aka yi da ƙarfe mai siffar akwati, alhali ƙananan motoci irin su Morris Minor tuni suka koma bodi da shasi a haɗe. Ƙofofi da bonet da murfin but na alminiyam ne don rage nauyi. Tayoyin baya a kan gatari ɗaya suke da sifirin mai ganye, kamar na a-kori-kura. Injin mai silinda 6 ne a jere, lita 4.9, kuma asalinsa yana komawa ga wata ƙaramar Rolls-Royce ta 1922. An yi ta faɗaɗa shi daga lita 4.25 zuwa 4.5 har ya kai inda ba sauran wurin ƙari. Giyar mai canza kanta ce, mai hawa 4, kuma ba ƙirƙirar Ingila ba ce: Hydramatic ce ta General Motors ta Amurka, Rolls-Royce ta karɓi lasisi tana ƙerawa a Crewe. Wannan ya nuna halin kamfanin. Bai damu a ce shi ya fara abu ba. Idan wani ya riga ya yi abu mai kyau, sai ya saya, ya gyara, ya sa. A wancan lokaci ko ƙarfin injin ba ya faɗa. In an tambaya sai ya ce isasshe ne.

Me ake nema da duk wannan? Shiru. Shasi dabam yana ba da damar sa roba tsakaninsa da bodi, ta yadda girgizar hanya da kukan inji ba sa isa kunnen na ciki. Inji babba mai juyawa a hankali ba ya ihu. Motar tana iya wuce mil 100 a awa, amma ba don tsere aka yi ta ba, an yi ta ne don mutum ya yi tafiyar yini guda ya sauko bai gaji ba. A 1958 David Ogilvy, mai tallace-tallace a New York, ya gina shahararriyar tallarsa a kan wannan, inda ya ce a gudun mil 60 a awa, ƙarar da ta fi kowace a cikin motar ita ce ta agogonta na lantarki. Tallar ta yi tasiri a Amurka, kasuwar da kamfanin ya fi buƙata.

A cikin wannan tallar akwai wata magana da ke tona asirin kasuwar. An bayyana cewa Bentley da Rolls-Royce mota ɗaya ce, lagireto ne ya bambanta su, Bentley kuma ta fi araha da dala 300, don haka mai jin nauyin a gan shi a Rolls-Royce sai ya sayi Bentley. Haka abin yake: tagwayen Silver Cloud su ne Bentley S1 da S2 da S3. A zubin farko Bentley ce ta fi sayuwa, sama da 3,000, Silver Cloud kuwa 2,238, domin attajirin Ingila na bayan yaƙi ba ya son nuna dukiya a ƙasar da ba ta daɗe da barin rabon abinci da kati ba. Da Amurkawa suka shigo da ƙarfi sai ma'aunin ya juya. Wanda ya biya kuɗin nan a Kalifoniya yana so a san me ya saya.

Amurkar ce kuma ta kawo babban canji na gaba. Can Cadillac da Lincoln da Imperial duk injin V8 suke da shi, ga na'urar sanyaya mota da sitiyari mai taimakon inji suna jan ƙarfi. Tsohon mai silinda 6 ya kai iyakarsa. A 1959 aka fitar da Silver Cloud II da sabon V8 na alminiyam, lita 6.2. Daga waje da ƙyar ka bambanta ta da ta farko, amma an cusa faffaɗan inji a ƙarƙashin bonet ɗin da aka zana don siriri, har ya zama makaniki sai ya bi ta wajen tayar gaba ya cire wani faranti kafin ya kai ga fulogi. Har yau masu son motar sun rabu biyu: wasu na cewa mai silinda 6 ta fi laushi da sauƙin gyara, wasu na cewa V8 ce ta ba jikin ƙarfin da ya dace da shi. Ni ina tare da na farko a kan kyau da natsuwa, ko da yake na san dalilin kamfanin ba shi da makawa.

Silver Cloud III ta bayyana a ƙarshen 1962, da fitilu huɗu maimakon biyu, lagireto ya ɗan sauko da inci ɗaya da rabi, bonet ya ɗan rusuna, inji ya ƙara ƙarfi kaɗan. Masu ra'ayin riƙau sun yi ƙorafin fitilun, suna cewa kwaikwayon Amurka ne. Wataƙila kuma an yi hakan ne don ido ya saba da fuskar motar da ke tafe.

Inda ba zan kare kamfanin ba shi ne birki. Har ƙarshen rayuwarta Silver Cloud da birkin ganga take tafiya, tare da wata tsohuwar dabara da aka samo daga kamfanin motoci na Hispano-Suiza tun shekarun 1920, inda giya ke juya wani faifai da ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi. A kan babbar hanya yana kamawa da kyau. Amma tunda ƙarfinsa daga juyawar giya yake zuwa, idan motar na rarrafe, kamar a cunkoso ko wajen fakin, takan ɗan ƙara gaba kafin ya cije. Jaguar ta ci tseren Le Mans da birkin faifai tun 1953, Citroën DS ta zo da shi a 1955. Hujjar da ake bayarwa ita ce birkin faifai na lokacin yana ƙara, Rolls-Royce kuma ba ta yarda da ƙara. Hujja ce, amma ga mota mai tan 2 da ke wuce mil 100 a awa a 1964, ba ta ishe ni ba. A nan riƙon al'ada ya zarce inda yake da amfani.

Su kuwa masu bodin hannu, me ya same su? Kamfanin bai daina sayar musu da shasi ba, kuma sun yi wasu kyawawan motoci a kansa, musamman masu buɗaɗɗen rufi da masu ƙofa biyu. Matsalarsu ita ce bodin Blatchley ya yi kyan da mai saye ya rasa dalilin ƙara kuɗi mai yawa da jiran watanni don ya samu abin da sau da yawa bai kai na masana'anta tsari ba. Daga cikin Silver Cloud sama da 7,000 da aka ƙera a zubi uku, mafi yawa da bodin Pressed Steel suka fito. Freestone & Webb ta rufe a ƙarshen shekarun 1950. Hooper, mai yi wa sarakuna keken doki, ta bar aikin bodi a 1959. A shekarar ce Rolls-Royce ta saye H. J. Mulliner, ta haɗe ta da Park Ward da ta mallaka tun 1939, suka zama sashe ɗaya a 1961. Da magajiyar Silver Cloud, wato Silver Shadow, ta zo a 1965, ita ma zanen Blatchley, da bodi da shasi a haɗe, da birkin faifai, da tsarin daidaita tsayi da aka karɓi lasisinsa daga Citroën ɗin nan dai, sai ya zama babu ma ƙashin da za a kai wa tela, in ban da na Phantom da ake yi 'yan kaɗan don sarakuna da shugabanni. James Young ta ɗan jure, ita ma ta ajiye guduma kafin 1970. Ina jin zafin wannan, domin sana'a ce ta ɗaruruwan shekaru ta mutu a cikin shekara 20, kuma wanda ya zana abin da ya kashe ta ɗanta ne.

Kamfanin kansa bai tsira daga girgiza ba. A 1971 ya durƙushe saboda kuɗin da injin jirgin sama na RB211 ya ci, gwamnati ta karɓe shi, aka ware sashen mota a 1973, kamfanin Vickers ya saye shi a 1980. A 1998 aka yi wani ciniki mai sarƙaƙiya: Volkswagen ta samu masana'antar Crewe da Bentley, BMW kuma ta samu izinin amfani da sunan Rolls-Royce. BMW ta wayi gari da suna ba masana'anta, ba ma'aikata, ba inji. Ta gina sabon wuri a Goodwood, kuma da masu zanenta suka zauna neman abin da zai sa sabuwar Phantom ta 2003 ta zama Rolls-Royce ta gaskiya a idon jama'a, Silver Cloud na cikin motocin da suka fi komawa gare su: gajeren hanci a gaban taya, dogon bonet, faffaɗan ginshiƙin baya, jiki mai zama a kan tayoyin baya.

Injin V8 ɗin nan kuwa da aka cusa da ƙyar a 1959 ya zauna a Crewe. An faɗaɗa shi zuwa lita 6.75, daga baya aka sa masa turbo, ya bi Silver Shadow da Silver Spirit da Bentley iri-iri, yana ta canza kaya amma ƙashin bayansa na nan. An ƙera na ƙarshe a 2020, aka sa shi a Bentley Mulsanne, shekara 61 bayan na farko.